Bayan Sayen Baki

Bayan sallar isha'i, maza iri biyu ne a waje a Rijiyar Lemo. Akwai na tsaye a ƙofar gidan wani. Akwai na zaune a benci, taku kaɗan daga ƙofar gidansu. Na tsayen sun sha wanka, sun kafa hula, turarensu yana riga su shiga lungu. Na zaunen sun cire ta sama sun rataya a kafaɗa, wani da rediyo a cinya, wani yana sakace. Dukkansu magana ce ta fito da su. Bambancin kawai, na tsayen da mace yake yin tasa.

Kai ma ka sani, duk wanda ke bencin nan ya taɓa tsayawa a ƙofar wani. Wasu shekara biyu suka yi suna wannan tsayuwa, sauro yana cin ƙafarsu ba su ko ji ba. Yarinyar da aka yi tsayuwar dominta ba ta je ko'ina ba. Tana bayan katangar da suka jingina da ita, tana kankare ƙanzo.

Ka duba yadda aka tsara zance. Ko wane ne ya tsara shi, ya san aikinsa. Yana da lokaci: bayan isha'i, ko bayan la'asar a gidan da ba a son tsayuwar dare. Yana da wuri: zaure, ko dakali, ko kujerun roba biyu da ake fitowa da su a ajiye da tazarar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Mai mota yakan kunna fitilar ciki, don masu wucewa su shaida. Yana da ɗan aike, yaron da za a danƙa wa naira hamsin ya shiga ya ce wai ana sallama da wance, ya dawo ya ce wai tana zuwa. Wannan "tana zuwa" rabin awa ce, kuma ba a taɓa jin saurayin da ya yi fushi ya tafi ba. Yana da masu gadi: ƙanne da ke kai-komo ba dalili, da tsohuwar da tagarta ba ta rufuwa, da uban da zai yi gyaran murya daga ciki in goma ta gota. Har kuɗin tashi gare shi. Saurayi ya tura su ƙarƙashin gefen tabarma, ita kuma ta kau da kai.

Lungunmu matsattse ne, ko ba ka so sai ka ji abin da ake faɗa. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Kin ci abinci? Me kika ci? Wa ya dafa? Sai ta ɗauko masa labarin yadda ƙawarta ta saɓa da wata a Islamiyya kan aron hijabi. Bai san ƙawar ba, bai san ɗayar ba, hijabin kuma babu ruwansa da shi. Amma zai karkata kai ya saurara tun daga tushe. In ta tsaya shan numfashi sai ya ce, "Sai aka yi yaya?" Ka riƙe wannan tambayar. Ita ce abu na farko da ke ɓata a gidan aure, tun kafin cokulan da aka kawo a kayan ɗaki.

Da wayar salula ta shigo a 2001, zance ya yi reshe. Waɗanda suka yi samartaka 'yan shekaru bayan nan ba su manta lokacin da MTN ta saki kira kyauta daga bayan sha biyun dare zuwa gabanin asuba ba. Tun yamma ake kai waya wajen mai caji saboda aikin dare. Samarin unguwar nan sun sha fitowa sallar asuba da jajayen idanu, liman yana zaton tahajjudi ne. A kwana ana magana, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Waɗannan samarin su ne magidantan yau. Ka kasa kunne in matar ɗayansu ta kira shi. "Ya aka yi?" Shiru kaɗan. "To." Shiru. "Na ce to." Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗauko maganar Arsenal daidai inda ya ajiye ta.

Kafin a ɗaura aure kuwa, babu abin da ba a bincikawa. Ana binciken asali. Ana tura mutum unguwar su yaro ya tambayo ko yana sallah a jam'i, ko yana shaye-shaye, ko sana'ar da ya ce yana yi da gaske ce. Ana buɗe akwatunan lefe a ƙirga atamfa da leshi a gaban jama'a. Tun watan Mayun 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, jini ma sai an duba shi: sikila, ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki. Doka ce mai kyau, ba ni da ja. Sai dai har yau ban ji waliyyin da ya tambaya ko yaron nan yana barin mutum ya kai ƙarshen zancensa ba.

Ranar kai amarya kowa da nasiharsa. Gwaggo ta ce ki yi haƙuri. Inna ta ce yi na yi, bari na bari. Kaka ta ce abin da ya faru a ɗaki ya tsaya a ɗaki, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi kuma ango a ce masa ga amana nan, ka ji tsoron Allah. Duk gaskiya ne. Amma ka tattara su ka duba, darasi ɗaya ake ta maimaitawa, wato yadda ake yin shiru.

Sai dare ya yi, a zo sayen baki. Ango ya shigo da abokansa, da ledar kaza da lemo. Amarya tana tsakiyar gado a lulluɓe, ƙawaye sun kewaye ta. Yarinyar nan da ta shekara biyu tana ba shi labarin hijabi, yau ba za ta ce masa uffan ba sai an biya. A yi ciniki na sosai, da albarka, da ƙara dai. Babban aboki ya zaro kuɗi, ƙawaye su ƙirga su ce ba su cika ba, a cika. A yi addu'a, a watse. An sayi bakin amarya ke nan, a gaban shaidu, kuɗi hannu. Kunnen ango kuwa ba wanda ya taya.

Daga nan sai neman abinci ya karɓi ragama. Rijiyar Lemo unguwar masu fita nema ce. Wasunmu a Kantin Kwari muke wuni, wasu Kasuwar Sabon Gari, wasu Singa, wasu Ƙofar Ruwa, wasu su miƙe zuwa Dawanau. Kasuwa kuma da baki ake cin ta. Mutum ya wuni yana rarrashin wanda bai sani ba, yana yi wa wanda ya riƙe masa kuɗi dariya. Da magariba ya biyo cunkoson Titin Katsina, ya ratsa Kurna yana shaƙar hayaƙi. Kafin ya yi sallama a gida ya sayar da fara'arsa kaf. Ita kuwa tun safe take tara labari. Mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka. Ƙaramin ya fara cewa Baba. An yi rasuwa a gidan su wance.

"Sannu da zuwa."

"Yauwa. An kawo wuta?"

"Sun kawo, sun ɗauke. Baban Ummi, ka san kuwa yau..."

"Bari in ci abinci tukuna."

Ya ci. Ya wanke hannu. Ya ce bari ya ɗan leƙa waje. Za ka ce gajiya ce, bakin ya mutu. Bi shi ka gani. Mutumin da ya kasa haɗa magana biyu a ɗaki zai yi awa biyu yana warware farashin dala, da rikicin masarauta, da dalilin da ya hana Kano Pillars cin wasa a waje. Har miƙewa tsaye yake yi.

Majalisa kuma ba ta son mai tashi da wuri. Ka miƙe ƙarfe tara ka ce sai da safe, ka ji abin da zai biyo bayanka. "An kira ka ne?" "A gaida Hajiya." "Yi sauri kada a sa sakata." Wasa ne, kowa yana dariya. Amma namijin Kano ya gwammace a ce masa marowaci, ko ma macuci, da a ce masa mijin-ta-ce. Wanda aka gani zaune da matarsa a tsakar gida suna dariya da rana tsaka, ba za a ce suna zaman lafiya ba. Cewa za a yi ta gama da shi. Mahaifiyarsa za ta ji kafin magariba, a fara cigiyar malamin da zai karya abin.

Ko ya yi ƙarfin hali ya zauna, a ina? Gidajen da muke haya ciki da falo ne, wasu ɗaki ɗaya. Yara suna kwance a ƙasa, babban cikinsu idonsa biyu. Tsakar gida ta iyali huɗu ce, igiyar shanya ɗaya, kunnuwa da yawa. Watan Afrilu ɗakin ba ya zaunuwa in babu wuta. Magina sun tanadi wurin baƙo, da wurin girki, da wurin ajiye babur. Saurayi da budurwa an ba su zaure. Miji da mata an ba su gado, an ɗauka ya wadatar.

Magana kuwa ba ta zama a ciki. In an toshe mata nan sai ta ɓulle can, kamar ruwan kwatar lungunmu da damina. Tata takan tsallaka katanga zuwa maƙwabciya, ta bi waya zuwa yayarta a Bachirawa, ta shiga zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Akwai matar da mata hamsin suka san abin da ke damunta, mijin ne kaɗai bai sani ba. Shi a saninsa lafiya ƙalau, tunda bai ga an fasa kwano ba.

Wata kuma littafi take buɗewa. Ƙasar Hausa ba ta rasa kalaman soyayya ba, a rubuce dai. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Daga nan kasuwa ta buɗe. A Kasuwar Sabon Gari ake sarinsu, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Fagge, masu shagon haya su riƙa bayarwa kwana-kwana har bango ya cire. Malamai sun yi ta faɗan suna ɓata tarbiyya, mata sun yi ta karantawa. Yanzu sun koma cikin waya, wasu ma karanta su ake yi a rediyo da YouTube, mace tana wanke-wanke tana saurare. Masu suka sun ce kuɗi da motoci ne ke ruɗar mata a ciki. Akwai motocin, ba musu. Amma ni abin da na fi gani a cikinsu shi ne namiji mai zama. Jarumin littafi ba shi da majalisa. Yana dawowa gida zai zauna, ya yi tambaya, a ba shi amsa shafi uku bai duba agogo ba. Wannan ce ƙaryar da ta fi sayuwa.

Haka fim ɗin Indiya. Iyayenmu sun kalle shi a sinimar Plaza a Fagge da El Dorado a Sabon Gari, ba tare da jin yaren ba. Yanzu an fassara shi da Hausa, babu sauran uzuri. In an kawo wuta za ka ga miji da mata a falo ɗaya, suna kallon wani mutum durƙushe cikin ruwan sama yana roƙon mace ta saurare shi. Awa uku ba wanda ya dubi wani. In an gama ya ce, "Kashe kayan kallon nan kafin su kawo mai ƙarfi."

'Yan kasuwa sun gano akwai ciwo, sun kawo magani. Ka duba tallan da ke yawo a waya da jikin katanga. Turaren wuta, humra, tsumi, gumba, haɗin mallaka. Akwai ajin gyaran aure da ake biya ta banki. Kusan duka mace ake sayar wa, kuma kusan duka jiki suke gyarawa. Maza kuma ana bin su da lasifika a bakin kasuwa da maganin basir da na ƙarfin maza. Kowa ya ɗauka matsalar daga wuya zuwa ƙasa take.

In abin ya taru sai a shiga gaba. Gabar miji da mata tana da ƙa'ida. Ba a daina girki, ba a daina ba da kuɗin cefane. Kuɗin dai a kan talabijin ake ajiye su. Kwanon abinci ana dire shi da ɗan ƙarfi, murfin ya yi ƙara. Gaisuwa tana nan, an dai yanke mata jela. Kowa ya san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, amma da yawa suna ganin ɗan'uwan da ake nufi a waje yake. Sai ɗan aike ya dawo bakin aiki, wannan karon ɗan cikinsu ne. "Je ka ce wa babanku gas ya ƙare." "Ce mata na ji." Tsakanin mai aike da wanda aka aika wa labule ne kawai. Yaron ya kai, ya dawo, ba ko naira hamsin.

Daga gaba sai yaji, daga yaji sai biko. In biko ya ƙi, sai ofishin Hisba ko gaban alƙali. A can ake yin hirar da ba a yi a gida ba. A zaunar da su, a ce ke fara, kai kuma kada ka katse ta. Ta fara tun daga haihuwar fari. Ta faɗi ranar da take kwance da zazzaɓi ya tsallake ta ya tafi gidan kallon ƙwallo. Ta faɗi maganar da ƙanwarsa ta yaɓa mata a gidan suna, yana ji bai tanka ba. Shi kuwa baki buɗe. "Wallahi Malam, yau na fara jin wannan." Wani lokaci ƙarya yake. Sau da yawa gaskiyarsa ce. An faɗa masa, amma lokacin yana neman takalminsa.

Hukuma ta daɗe da sanin aure yana yawan mutuwa a Kano. A Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta shirya fito da zawarawa kan titi, Hisba ta hana. A 2012, zamanin Kwankwaso, aka fara auren zawarawa da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, da aure 100 a zubin farko. A Oktoban 2023 aka ɗaura 1,800 a zubi ɗaya. Ana ba da sadaki, da gado da katifa, da ɗan jari. Cikin sharuɗɗan akwai cewa ango ba zai yi saki ba sai an koma Hisba an ji ta bakin kowa. Wato gwamnati ma ta wajabta a zauna a yi magana sau ɗaya. Ta dai ajiye zaman a ƙarshe.

Turawa ma abin ya dame su, sai suka yi abin da suka saba, suka auna. Wani masani a Jami'ar Washington da ke Amurka, John Gottman, ya shirya gida ya kafa masa na'urorin ɗaukar hoto, yana kawo sababbin ma'aurata su wuni a ciki ana kallonsu. A gidan haya maƙwabta ne ke yin wannan aikin, kyauta. Aure 130 ya bi, ya sake neman su bayan shekara shida. Cikin abin da ya ƙirga akwai 'yan ƙananan tayi: ɗaya ya ce dubi wancan tsuntsun, ɗayan ya ɗago kai ko ya ƙi ɗagowa. Waɗanda aurensu ya ɗore sun amsa irin wannan tayin sau 86 cikin 100. Waɗanda suka rabu, sau 33. Shekaru aka kwashe kafin a tabbatar da cewa ɗago kai yana da amfani.

Mu kuma muna da namu a Buhari da Muslim, ana karantawa a masallatan unguwar nan. Nana A'isha ta zauna ta ba Annabi (SAW) labarin mata goma sha ɗaya da suka haɗu kowacce tana siffanta mijinta. Labari ne mai tsawo, na mata, na wasu mutane daban. Ya saurara har ta kai ta goma sha ɗaya, sannan ya ba ta amsa daga cikin labarin, alamar yana biye da ita. A wani hadisin ya gaya mata yana gane ranar da take fushi da shi: in tana jin daɗinsa da Ubangijin Muhammadu take rantsuwa, in ta yi fushi sai ta koma Ubangijin Ibrahim. Suna ɗaya ta canja, ya kuma lura. Ana karanta mana wannan, mu yi kabbara, mu shafa. In an tashi, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen kabbarar ya tsaya teburin mai shayi har sha ɗaya.

Masu boko sukan ɗora laifin a kan kunya. Wai mace ba ta iya kama sunan mijinta, wai namiji ba ya iya cewa ina sonki. Ban yarda ba. Na san tsohuwar da har mijinta ya rasu ba ta taɓa kama sunansa ba. Malam take cewa, ko "shi". Amma daga yadda ya jingine kekensa a zaure ta san ko kasuwa ta yi kyau. Da dare yana kan buzu yana jin BBC, tana gefe tana ɓarar gyaɗa, yana maimaita mata labaran duk da tare suka ji. Ta ce wannan shugaban ƙarya yake yi. Ya ce ke kin san shi ne? Ta ce muryarsa ta nuna. A haka har a rufe tasha. Na kuma san yaran yanzu da suka sa wa juna "Zumata" da "Rabin Raina" a waya, da jan hoton zuciya a gefe. Suna kwance a gado ɗaya, kowa ya juya baya, fuskarsa tana haske.

Wasu sukan ce a je Sabon Gari a koyo. Can za ka ga Ibo da matarsa a shago ɗaya, shi yana ciniki, ita tana riƙe da littafin bashi, ranar Lahadi su jero zuwa coci cikin anko. Ban ɗauke su mala'iku ba. Su ma suna faɗa, nasu ma a bainar jama'a, har masu wucewa su tsaya rabo. Abin da suka fi mu shi ne wurin zama. Guda ɗaya ne a shagon, dole su raba shi daga safe zuwa yamma, ga sauro na kasuwa, ga zafi, ga mai bashi ya kashe waya.

A unguwarmu ma akwai waɗanda suka samo hanya, ba sa dai talla. Akwai mai adaidaitan da in zai kai matarsa unguwa ba ya ɗaukar kowa. Ka ɗaga masa hannu ya girgiza kai. Tana baya, ta matso gaba, tana magana da ƙeyarsa. Shi yana kallon titi, yana amsawa ta madubi. Ba ido cikin ido, ba mai cewa ta mallake shi, ai aiki yake yi. Kafin su kai gidan biki a Dorayi an gama maganar kuɗin makaranta, an shiga ta mafarkin da ta yi. Abokan sana'arsa sun ce ranar ba ya bin gajeriyar hanya.

Sai kuma saƙon murya, wanda ya yi wa mata da yawa rana. Abin da ba za ta iya faɗa ba yana tsaye yana lalubar makulli, sai ta bari ya fita, ta gama shara, ta zauna a bakin gado ta danna. Ba mai katse ta. In muryarta ta karye, ta goge ta sake. Na ga irin wannan saƙo ya shigo wa wani maƙwabcin rumfa a Kwari ana tsakiyar ciniki. Ya duba tsawonsa, minti shida, ya yi tsaki ya kife wayar. Can bayan azahar, da layin ya yi sauƙi, ya koma bayan dilolin atamfa ya kara ta a kunne. Ya ɗaure fuska, don yaran shago su zata mai kaya ne daga Legas. Ya ji har ƙarshe. Ya sake ji. Ya rubuta "To", ya goge. Wani ya zo tambayar shadda, aka ce masa maigida yana waya. Daga ƙarshe ya kira ta.

"Maman Ummi, na ji saƙonki. To ni ina ina duk aka yi wannan?"

Amsar ta yi tsawo, har ya nemi dila ya zauna. Yaron shago ne ya sayar da shaddar, ya kuma yi ragin da ba a sa shi ba.